Baraka Mai Kifi a Kan Dutsen Panya

A kasuwar Jimeta, a layin masu banda, an daɗe ana ganin wata doguwar mace baƙa mai ɗingishi, wadda kowa ke kira Dada Panya, dada kuwa uwa ke nan da Fulatanci. Waɗanda suka taso daga baya sun ɗauka sunanta ke nan. Sunanta na yanka Baraka. Kakanta ɗan koli ne daga ƙasar Katsina, ya biyo ayari har Yola, wuri ya yi masa, bai koma ba. Uwarta kuwa Bafulatana ce ta Girei. Shi ya sa Baraka ta tashi da baki biyu, Hausa a kasuwa, Fulatanci a gida, ga kuma ɗan guntun Turancin buroka da ta tsinta wajen ciniki da 'yan kudu.

Mijinta Bakari mai fito ne, yana ƙetare Binuwai da mutane a kwale-kwale. A Rumde suka zauna, kusa da bakin kogi. Ta haihu sau da yawa, amma ɗaya kaɗai ya rayu, shi ne na farin, Ya'u. Da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma wasa da shi a gaban mutane. In tana nemansa sai ta ce, “Ina yaron nan?” Shekarar da aka samu 'yancin kai Bakari ya kwanta ciwon ciki, bai tashi ba. Ita kuwa ta ci gaba da sayen kifi hannun masunta, tana bandarsa a bayan gida, tana kaiwa kasuwa.

Ya'u ya girma ya zama ƙaƙƙarfan saurayi mai yawan dariya. A zamanin nan, in damina ta yi nisa kogi ya cika, manyan jiragen ruwa kan hauro daga kudu su ɗauki gyaɗa da auduga da fatu. Dako yake yi a wurin. Can ya ji labarin Panya, wani tsibiri a tsakiyar teku inda ake ɗibar leburori aikin gonar koko. Aka ce musu kwantiragi ne na ɗan lokaci, mutum ya dawo da kekensa da abin aure. Wata safiya tana juya kifi a kan wuta, ya zo ya tsuguna ya ce zai bi jirgin ƙarshe kafin ruwa ya janye. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, “Allah ya tsare,” ta ci gaba da aikinta. Sai da ta ji ƙarar ƙahon jirgi daga nesa sannan ta zauna daɓas a ƙasa.

Daga nan shiru. Yaƙin basasa ya zo ya toshe hanyar kudu, jirage suka daina haurowa. Aka raba ƙasa jiha-jiha, Yola ta faɗa Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an dangana da Maiduguri. Baraka ta bi ofisoshi tana tambaya, har wani akawu ya ce mata maganar ƙasar waje ce, sai Ikko. Dangi suka fara ba ta shawara ta yi masa sadaka kawai ta huta. Ta ƙi.

Bayan yaƙi ya ƙare, wata rana da la'asar, wani ramammen mutum marar haƙoran gaba ya tsaya gaban kwandonta. Bai taya kifi ba. Ya ce sunansa Zadok, mutumin Ganye ne, tare suka shiga jirgi da Ya'u.

“Dada, ɗanka yana da rai lokacin da na baro,” in ji shi, da Hausarsa ta Jimeta da ba ta raba mace da namiji. “Amma ba ya gona kuma. Ya hau dutse.”

Ta ja shi bayan rumfa ta ba shi ruwa, ya kwashe labari ya gaya mata. Tun da Turawan tsibirin suka tafi, in ji shi, zama ya lalace. Ana aiki ba biya, ba a kuma barin mutum ya tafi gida. Wata rana helima, wato shugaban leburori, yana dukan wani lebura marar lafiya, Ya'u ya riƙe bulalar. Aka kira sojoji, suka ɗaure shi, suka yi ta sara masa gindin bindiga a ka, suka ji masa mummunan ciwo a ƙafa. Da ya ɗan farfaɗo sai ya gudu. A tsakiyar tsibirin akwai wani ƙaton dutse mai kurmi, can waɗanda suka gudu suke ɓuya.

“Ana saukowa daga can?” ta tambaye shi.

“Wasu kan sauko. Ni dai ban ga da yawa ba.”

“Kai ta ina ka fito?”

Zadok ya dube ta, ya gane inda ta dosa. “Dada, kar ka sa wannan a ranka. Maza ma ƙarewa suke yi a can. Ni sai da na sayar da har rigar jikina.”

“Ban tambaye ka ko in je ba. Hanya na tambaye ka.”

Ya gaya mata. Ta sayar da awakinta da kwanukan aurenta, ta bar wa maƙwabciya wurinta a kasuwa. Ta zaɓi bandar da ta fi bushewa ta cika kwando, ta zama mata guzuri da jari. Ba ta bi ta kudu ba, ta Kamaru ta shiga. Daga Garwa zuwa Gaundare a bayan motar shanu ta yi tafiya, Fulatanci yana buɗe mata ƙofa duk inda ta sauka. Da suka gangara ƙasar kurmi Fulatanci ya ƙare, ta koma kan guntun burokarta da nuni da hannu. Ranar da ta fara ganin teku ta daɗe a tsaye tana neman ɗaya gaɓar. Ita da ta tsufa a bakin kogi ba ta taɓa ganin ruwan da ba shi da ƙetare ba.

Wasu 'yan fasa-ƙwauri suka yarda su ɗauke ta a kwale-kwalensu, tsakanin buhunan gishiri. Ta yi amai har cikinta ya ƙare, ta koma kakarin banza. Da gari ya waye sai ga dutsen a gabansu. A zuciyarta ta ɗauka irin duwatsun Bagale ne da take hange a ƙetaren Binuwai, waɗanda makiyayi kan hau da shanunsa ya sauko kafin azahar. Wannan daga cikin ruwa ya taso, kore shar har ya yi baƙi, kansa kuwa babu shi, ya shige cikin gajimare. Ta ce, “Innalillahi,” ta rufe fuska da mayafi.

A babban garin tsibirin akwai unguwar Hausawa, tsoffin 'yan kasuwa, har da masallacinsu. Matar liman ta ba ta wurin kwana, ta kuma gargaɗe ta kada ta kuskura ta ambaci dutse a bainar jama'a. Kowa a tsorace yake. In ta yi tambaya sai mutum ya waiwaya hagu da dama, ya ce bai sani ba. Sai ta kasa kifinta a kasuwa kamar kowa, ta zuba ido. Ta lura da wata gajeriyar mace 'yar asalin tsibirin, cikin mutanen da ake kira Bubi, wadda kan ɓace kwana da kwanaki, ta dawo da naman beguwa da gada, ƙafafunta duk jan taɓo. Sunanta Hilda. Baraka ta yi lissafi a ranta cewa mace ɗaya ba ta kafa tarkon da zai kama wannan nama. Akwai masu ba ta.

Ta tare ta ta ce tana neman ɗanta. Hilda ta ce ba ta jin abin da take faɗa. Kashegari ta koma. Wanshekare ma ta koma. Har ta bi ta ƙauyensu a gindin dutse, ta zauna a ƙofar ɗakinta cikin ruwan sama, ta ƙi tashi. Da yamma Hilda ta fito a fusace.

“So kike a kashe ni? Mijina sojoji suka ɗauke daga gona, har yau ban ga ko takalminsa ba. In suka ga baƙuwa a ƙofata me zan ce?”

Baraka ta zare ɗankwalinta, furfura ta bayyana. Da burokarta mai tsalle-tsalle ta ce, “Dube ni. Na yi kama da 'yar saƙon soja? Na binne 'ya'ya da yawa. Wannan kaɗai ya rage. In ya mutu, ki nuna mini inda yake, in ga ƙasar da idona. Ba na neman fiye da haka.”

Hilda ta tsaya tana kallonta, ruwa yana zuba a kansu su biyu. Can ta ce, “Ba za ki iya hawa ba. Kin tsufa.”

“In na faɗi ki bar ni a wurin.”

“Zan bar ki kuwa,” in ji Hilda. Ta buɗe mata ƙofa.

Da asuba suka kama hanya. Da farko gonakin koko suka ratsa, waɗanda ciyawa ta cinye, 'ya'yan suna ruɓewa a jikin itace. Daga nan kurmi ya haɗiye su. Baraka ba ta taɓa shiga wurin da rana ba ta sauka ƙasa ba. Itatuwa sun haɗe a sama, igiyoyi suna reto, ko'ina ɗigar ruwa, ko ana ruwan sama ko ba a yi. Hanya babu, sai abin da Hilda ta sara da adda. Ƙasa santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Takalmin robarta ɗaya ya maƙale a taɓo, ta laluba har gwiwar hannu ba ta same shi ba, sai ta cire ɗayan ta yar. Ta koma hawa da hannu da ƙafa, tana kama saiwa tana jan jikinta. Kwarkwasa suka hau ta har cikin zane, ba ta da hannun kaɗe su. Birai suna ihu a sama kamar suna yi mata dariya.

Lokacin salla ya yi, ta rasa inda gabas take. Ta tambayi Hilda, ita ma ta ɗaga kafaɗa. Ta fuskanci inda dutsen ya yi sama ta yi sallarta a zaune a kan wata saiwa, don ba wurin da goshi zai taɓa ƙasa ba tare da ta gangara ba.

Suna ƙara sama, sanyi yana ƙaruwa. Macen da ta saba da zafin Jimeta, inda dare ma gumi ake yi, ta fara karkarwa har haƙoranta suna haɗuwa. Itatuwa suka gajarce suka karkace, gansakuka ta lulluɓe su tana reto kamar gemun tsoho. Wani farin hazo mai jiƙa ya sauko, har ba ta ganin Hilda sai dai ta ji sarar adda. A bakin wani kwazazzabo ƙafarta ta zame, ta tafi suuu, Allah ya sa wani reshe ya tare ta a ciki. Ta rataye a nan, ba ta ganin ƙasan ramin, sai ƙugin ruwa take ji can nesa. Hilda, wadda ta ce za ta bar ta, ta kwanta rub da ciki ta miƙo mata ƙotar adda, tana zaginta da yarensu har ta jawo ta.

Rana ta kusa faɗuwa suka isa wata 'yar bukka ta ganye a ƙarƙashin wani dutse. Maza ne a ciki, ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, sanye da buhunan koko da suka huda suka zura kai. Suka zabura da adduna, sai da Hilda ta yi magana. Baraka ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya'u ba ya ciki. Ta zube ƙasa, ta fara salati tana haɗawa da Fulatanci.

Ɗaya daga cikinsu, wani mai tabo a kunci, ya jefar da addarsa ya durƙusa gabanta.

“Dada! Daga Yola kike? Ni Ishmael ne, ɗan Ngurore!” Ya kama hannunta ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai ji muryar mace ta gida ba.

Shi ya gaya mata halin da ake ciki. Ya'u yana nan da rai, in ji shi, ko kuma yana da rai kwanakin baya. Amma dukan da aka yi masa ya taɓa masa kai. Wani lokaci lafiya lau, ya kafa tarko, ya yi hira. Wani lokaci sai ya tashi ya haye can sama inda itatuwa suka ƙare, don in gari ya washe ana hango wani babban dutse a ƙetaren teku, shi kuma ya ce ta nan ne hanyar gida. Da sukan bi shi su dawo da shi. Amma a ƙwanƙolin akwai dogon ƙarfen rediyo da sojoji ke gadi, kuma zuwan ƙarshe sai da aka yi musu harbi. Tun da ya tafi wannan karon ba wanda ya iya binsa.

“Ƙafarsa fa?” ta ce.

Ishmael ya sunkuyar da kai. “Tana wari, Dada.”

Suka ba ta gasasshiyar gwaza, ta ajiye ba ta ci ba. Gari na wayewa ta miƙe. Hilda ta ce nan iyakarta, mutanensu ba sa hawa can sai da izinin dattawa, ita kuma ba za ta ƙara wa kanta wani bala'in ba. Ishmael ya ce zai raka ta iyakar itatuwa. Tafin ƙafarta duk ya tsattsage, sai ya yaga buhu ya naɗe mata.

Da hantsi suka fito daga kurmi. Gaba sai doguwar ciyawa da baƙaƙen duwatsu, ga iska mai yanka kunne. Baraka ta waiwaya ta ga gajimare a ƙasanta, shimfiɗe kamar auduga a kan tabarma. Kanta ya juya. Numfashi ma ya ƙi isarta, ta yi taku kaɗan sai ta tsaya tana haki. Ishmael ya laɓe a bayan itacen ƙarshe, ya nuna mata wajen da Ya'u ya saba zama, ya ce ta yi ƙasa-ƙasa kada a hango ta.

Ta shiga ciyawa ita kaɗai. Ba ta yi nisa ba hazo ya taso ya rufe komai. Ba ta ganin gabanta, ba ta ganin inda ta fito. Ta ɗaga murya ta ce, “Kai! Yaron nan!” Iska ta kwashe. Ta sake, ta sake, tana tuntuɓe tana tashi. Ta faɗa wani rami har ƙugu ta fito. Ta tuna sojoji, ta ga in sun ga dama su harbe ta. Ta tsaya, ta dafa gwiwa, ta tattara abin da ya rage mata na numfashi.

“Ya'u!”

Sunan ya fito mata wani iri, kamar ba a bakinta ba. Ta sake kira. Ta yi ta kira har muryarta ta dishe. Can sai ta ji tari a hagunta.

A wani tsagin dutse ta same shi, a dunƙule cikin buhu. Da ba don goshin ubansa ba da ba ta gane shi ba. Gashi ya cukurkuɗe, haƙarƙari a waje, ƙafar dama ta kumbura ta yi baƙi daga idon sawu zuwa ƙwauri. Yana ganinta ya ɗaga hannuwa biyu ya kare kansa, yana magiya da buroka kada a buge shi, zai koma aiki.

Ta durƙusa ta ce, “Ni ce. Dada ce.”

Ya leƙo ta tsakanin yatsunsa, ya dube ta da kyau. Sai ya girgiza kai, ya ce da Hausa, a hankali, kamar mai gyara wa baƙo kuskure, “A'a. Dada tana Rumde. Ba ta fita ko'ina sai kasuwa.”

Ta kama fuskarsa, ya fizge ya ƙara shigewa tsagin. Ta faɗa masa sunan ubansa, ta faɗa masa sunayen maƙwabta, duk a banza. Ga sanyi yana ƙaruwa, ta san in rana ta juya suna nan, dukansu biyu ba mai sauka. Ta share fuskarta da bakin zane, ta daidaita murya.

“To, gaskiyarka. Ba ita ba ce. Ita ta aiko ni. Ta ce ka zo yanzu, tana nemanka.”

Ya ce, “Ita ta ce?”

“Ita ta ce. Ta ce kada ka ɓata mata lokaci.”

Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Sai ta juya masa baya, ta kwance zanenta na sama, ta goya shi. Tun yana jariri goggonsa ce ta fi goyonsa, ita kunya ba ta barin ta. Ga shi yau da gemunsa, ƙafafunsa suna jan ƙasa, amma bai fi buhun banda nauyi ba. Ta bi gangara ba tare da ta san ko daidai take tafiya ba. Ta faɗi ta tashi. Faɗuwa ta gaba gwiwarta ta bugi dutse, ta ji ƙas, wani farin abu ya gilma mata a ido. Ta gwada tashi ta kasa. Ta ci gaba da rarrafe da shi a bayanta, tana kiran Ishmael da muryar da ba ta fita.

Ishmael kuwa tun da ya ji tana kiran sunan ɗanta hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya fito fili, inda ya rantse ba zai ƙara takawa ba, yana bin sautin har ya yi karo da su. Ya saɓa Ya'u a kafaɗa, ita kuma ta dafa shi tana jan ƙafa.

Saukowar ta fi hawan wuya. Mazan suka sassaƙa sanduna suka yi makara suka ɗora Ya'u, Hilda ta ɗaure wa Baraka gwiwa da ɓawon itace. Wurare da yawa a zaune ta gangara. A bakin gonakin koko mazan suka ajiye makarar. Baraka ta riƙe rigar buhun Ishmael ta ce ya biyo su, za ta roƙi masu kwale-kwale. Ya ce ba zai yiwu ba, tabon fuskarsa kowane soja ya san shi, in aka gan shi tare da su duka za a kama.

“Ki dai je Ngurore, Dada. Ki tambayi uwata Liyatu, matar da ke wajen coci. Ki ce mata ina da rai.” Ya juya ya shige kurmi.

Hilda ta ɓoye su a ɗakinta tana wanke ciwon da ruwan ganye, har Hausawan gari suka shirya musu kwale-kwale. A wani asibitin mishan a Kamaru aka yanke wa Ya'u ƙafar daga gwiwa. Sai da kaka ta wuce suka iso Jimeta, a bayan motar goro, ita da sanda, shi da sanda biyu.

Da suka shiga gidan Rumde ta hura wuta ta zauna inda ta saba zama. Ya'u ya tsaya a ƙofa ya dube ta, sai ya ce, “Dada, na dawo.” Ta ce, “Sannu da hanya.” Daga ranar ya san ta. Amma bai taɓa yarda ita ce ta je ba. Yakan ce, “Matar nan da kika aika ta sha wahala, Dada. Ya kamata a yi mata alheri.” Ita kuma ta ce, “An yi mata.” Ya koyi gyaran koma, masunta suna kawo masa aiki har gida. Yakan yi wata da watanni lafiya, sai in hadari ya haɗo ya shige ƙarƙashin gado, sai ta zauna kusa tana yi masa hira har ruwa ya ɗauke.

Da gwiwarta ta ɗan lafa ta hau mota zuwa Ngurore. Ta sami Liyatu, wata 'yar tsohuwa, tana sussukar dawa. Ta gaya mata saƙon. Liyatu ta ajiye taɓarya, ta sa ta maimaita. Ta tambayi ko ya rame, me yake ci, me yake sawa. Baraka ta faɗa mata gaskiya. Sai tsohuwar ta ce, “Kin gan shi da idonki, kin taɓa shi, kika taho da naki kika bar nawa?”

Baraka ba ta kare kanta ba. Ta zauna a ƙasa, Liyatu ta yi kukanta ta gaji, ta shiga ta kawo mata kunu.

Daga nan Liyatu ta riƙa zuwa Jimeta lokaci-lokaci, ta zauna gefen kwandon Baraka, ta sa ta sake ba ta labarin yadda Ishmael ya fito fili cikin hazo. Ba ta gajiya da jin wannan wurin. Shekarar da aka raba jihar aka yi Gongola, labari ya zo cewa an tura jirage sun kwaso 'yan Najeriya daga Panya. Su biyu suka riƙa zuwa tashar mota kullum, suna duba duk wanda ya sauko da ƙunshi. Mutane da dama sun dawo, na Numan, na Ganye, na Mubi. Wani ya ce ya san mai tabo a kunci, ya ji an ce ya sauko daga dutse. Wani ya ce a'a, ba shi ba ne. Da suka tambayi labarin Hilda kuwa, ba wanda ya taɓa jin sunanta. Motoci suka yi ta raguwa har suka daina zuwa.

Baraka ta ci gaba da sayar da banda har idonta ya fara dushewa, sannan ta bar kasuwa ta koma gida, Ya'u yana ciyar da su da gyaran koma. Ta rasu da bazara, bayan gajeriyar jinya. Ranar sadakar uku aka ga Liyatu ta shigo, ta rankwafa sosai, wata jikarta tana riƙe da ita. Ta gaisa da mata, sannan ta fita zaure inda Ya'u yake zaune, ta nemi wuri kusa da shi. Ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce bai ci ba. Ta aika a kawo masa.